Yadda Ake Dafa Shayi Mai Daɗi: Daga Ruwan Bunu Zuwa Shayin Gawayi

Da wuya a sami gida a ƙasar Hausa da ba a ɗora ruwan shayi da safe, amma gidajen da ake jin ɗanɗanon ganyen kansa a cikin kofi kaɗan ne. Abin da aka fi sabawa da shi shi ne a zuba ganye a tukunya tun ruwa yana da sanyi, a bar shi yana ta zaɓaɓɓaka har a gama sharar tsakar gida, idan ya yi baƙi ƙirin ya yi bauri sai a danne shi da sukari da madara. Wannan yana ɗumama ciki, ba na musu, sai dai an yi asarar ƙamshin da aka biya kuɗi aka saya. Na daɗe ina dafa shayi ta wannan hanya kafin in gane cewa laifin ba na ganyen ba ne, kuma gyaran bai buƙatar ƙarin ko sisin kwabo. Abin da yake buƙata shi ne a kula da ruwa, a auna ganye, a kuma san lokacin da za a raba ganyen da ruwan.

Kafin a shiga aikin, yana da kyau mai dafawa ya san abin da ke hannunsa. Baƙin shayi da koren shayi duka daga itaciya ɗaya suke fitowa, wadda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis, kuma a ƙasar Sin aka fara shanta. Kalmar shayi kanta daga Larabci muka aro ta, Larabawa kuma ta hannun Farisawa suka same ta daga kalmar cha ta mutanen Sin. Bambancin launi daga sarrafawa yake. Idan aka tsinki ganye aka murje shi aka bar iska ta ratsa shi har ya rine, shi ne baƙin shayi, irin wanda ke cikin ƙananan jakunkuna masu zare. Idan kuwa aka yi saurin gasa shi ko turara shi tun bai rine ba, sai ya tsaya kore, irin wanda ake dafawa a kan gawayi. Yawancin baƙin shayin da ke yawo a kasuwannin duniya yana fitowa daga ƙasashe irin su Kenya da Indiya da Siri Lanka, kuma a Najeriya ma ana noma shi a Kakara da ke tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda ake yin Highland Tea. Waɗannan nau'o'i biyu ba hali ɗaya gare su ba, saboda haka ba hanya ɗaya ake bi da su ba.

Ruwa da mazubi

Kofin shayi kusan dukkansa ruwa ne, don haka duk aibin da ke cikin ruwan sai ya bayyana a baki. Ruwan rijiya mai zartsi yana dusashe launin shayi, yana kuma barin wata yana-yana a samansa wadda ke mannewa a jikin kofi. Ruwan famfo mai warin sinadarin kulorin yana kashe ƙamshi, sai dai maganinsa mai sauƙi ne: a tare shi a mazubi mai faɗin baki tun da dare, a rufe da tsumma mai tsabta, zuwa safiya yawancin warin ya tafi. Wanda unguwarsu ruwan burtsatse mai nauyi suke sha, ya gwada dafa shayi sau ɗaya da ruwan leda mai kyau ya kwatanta, zai ji bambancin tun daga kurɓar farko. Kada kuma a yi amfani da ruwan da ya kwana a buta bayan an tafasa shi jiya, ko wanda aka bari ya yi ta tafasa har ya ƙone rabi, domin shayinsa yakan fito lami.

Mazubin ma yana da nasa hakki. Tukunyar da aka yi miyar kuka da daddawa a cikinta jiya, ko an wanke ta sau uku, tana iya ba shayi wani wari da mai sha ba zai iya faɗin daga ina yake ba. A ware buta ɗaya ko ƙaramar tukunya ɗaya wadda ba ta da wani aiki sai shayi. Idan da itace ake girki, a rufe ta ruf tun daga ɗorawa, saboda ruwa yana ɗaukar ƙaurin hayaƙi da sauri, kuma babu yawan sukarin da ke ɓoye shi.

Baƙin shayi, wato ruwan bunu

A fara da awo. Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, kuma ita ce daidai kofi biyu manya. Wannan ruwa yana buƙatar jakar shayi biyu, ko ƙaramin cokali biyu a cike da tozo idan ganyen sako-sako ne, domin kowace jaka tana ɗauke da kimanin giram 2. Wanda zai sa madara ya ƙara ta uku, saboda madara tana rage ƙarfin shayi. Kuskuren da ya fi yawa a gidajen da ke da yara da yawa shi ne a jefa jaka biyu cikin ruwan da zai ishi mutum goma, sannan a yi ta dafawa don launi ya fito. Launin zai fito, amma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma abin da doguwar dahuwa ke fitarwa daga ganye kaɗan bauri ne, ba ƙamshi ba. Idan ganye ya yi ƙaranci, gara a rage ruwa a ba kowa rabin kofi mai daɗi.

Sai a ɗora ruwan shi kaɗai, ba tare da ganye ba, a jira ya tafasa sosai har ya yi tsalle. Baƙin shayi yana son ruwa mai tsananin zafi, kusa da digiri 100 a ma'aunin Selshiyos. Mazauna wurare masu tudu kamar Jos da Gembu su lura cewa ruwansu yana tafasa tun bai kai wannan zafin ba, wajen digiri 95 ko 96, don haka su ne suka fi kowa buƙatar kiyaye zafin da suka samu. Yayin da ake jiran ruwan, a ɗauraye butar da za a tsima shayin da kofuna da ɗan ruwan zafi. Wannan ƙaramin aiki ne da mutane ke rainawa, amma a lokacin hunturu kofin tangaran mai sanyi yana shanye zafin ruwa nan take, sai ganyen ya kasa saki yadda ya kamata.

Da zarar ruwa ya tafasa, a sauke shi daga wuta, a zuba ganyen a cikin butar da aka ɗumama, a kwarara ruwan a kansa, a rufe. Ruwan ne ake zubawa a kan ganye, domin ƙarfin zubowar yana motsa shi ya jiƙa ko'ina. Wanda ba shi da buta ta biyu yana iya sauke tukunyar ya jefa ganyen a ciki ya rufe, muddin dai ba a kan wuta take ba.

Nan ne wurin da shayi ke gyaruwa ko ya lalace, kuma nan ne ya kamata a duba agogo. Ganyen cikin jaka an niƙa shi ƙanana ƙwarai, saboda haka yana saki da wuri, minti 3 sun ishe shi, 4 idan za a sa madara. Ganye sako-sako mai girma yana kaiwa minti 4 zuwa 5. Dalilin wannan iyaka shi ne abubuwan da ke cikin ganye ba tare suke fita ba. Launi yana fita cikin daƙiƙu kaɗan, shi ya sa ido ke yaudarar mai gaggawa ya cire jakar tun shayin bai yi komai ba. Ƙamshi da sinadarin kafeyin mai wartsakarwa suna biyo baya. Sinadaran da ke kawo bauri, waɗanda ke sa harshe ya yi kamar an ci ɗanyen mangwaro, suna ci gaba da taruwa ne muddin ganye yana cikin ruwa, kuma bayan minti biyar ko shida su ne ke rinjaye. Mai son shayi mai ƙarfi ya ƙara ganye, kada ya ƙara lokaci.

Idan lokaci ya cika, a cire jakar, ko a tace ganyen da rariya gaba ɗaya, ko da ba yanzu za a shanye ba. Kada a matse jakar da bayan cokali har sai ta bushe, ɗan dannawa kaɗan ya isa. Wanda zai zuba a fulas domin maigida ko domin baƙi, ya tace tukuna sannan ya zuba. Na taɓa shirya wa baƙin da suka kwana a gidana shayi tun da asuba na bar jakunkunan a cikin fulas don kada ya salamce, kafin su fito daga masallaci su zauna ya koma kamar jiƙon maɗaci, kuma na ga yadda suka daure suka sha don kara. Tun daga ranar ban sake barin ganye ya zauna a fulas ba.

Ina ba da shawara a kurɓi shayin sau ɗaya kafin a sa masa komai. Wanda ya yi haka zai tarar cewa shayin da aka tsima daidai bai buƙatar rabin sukarin da aka saba zubawa.

Madara, sukari da kayan ƙamshi

Madara tana shiga ne bayan an raba ganye da ruwa. Idan aka zuba ta tun ganyen yana ciki, tana sanyaya ruwan, shayin ya fito fari fat ba ƙarfi. Madarar gari a dama ta da ɗan ruwan ɗumi a wani kofi har ta narke kafin a haɗa, don kada ta yi gudaji. Ta gwangwani cokali biyu zuwa uku sun isa kofi ɗaya. Madarar shanu sabuwar tatsa ita ce ta fi kowacce daɗi a ganina, amma wajibi ne a tafasa ta tukuna saboda cututtukan da ɗanyar madara ke iya ɗauka. Lemun tsami da madara ba sa haɗuwa a kofi ɗaya, domin tsamin yana tsinka madarar. Haɗin kauri irin na teburin mai shayi, wanda ake loda masa madara da Milo ko Bournvita a sheƙa shi daga kofi zuwa kofi, abinci ne mai zaman kansa tare da burodi da ƙwai, kuma yana da ranarsa, sai dai shi ma ya fi daɗi idan ruwan bunun da aka gina shi a kai bai ƙone ba.

Shayi mai kayan ƙamshi yana da wata dabara da ke warware matsalar da mutane da yawa ke fama da ita. Citta da kanumfari da kirfa da masoro da kimba suna buƙatar dahuwa kafin su saki, ganyen shayi kuwa dahuwa ɓata shi take yi. Mafita ita ce a raba aikin gida biyu. A daddaka busasshiyar citta kamar girman ɗan yatsa, a haɗa da kanumfari uku ko huɗu da ɗan ɓallin kirfa, a zuba cikin rabin lita na ruwa da ɗan ƙari saboda abin da zai ƙone, a bar su su tafasa a rufe minti 8 zuwa 10. Sannan a sauke, a jefa ganyen shayi, a rufe, a ƙirga mintunan nan uku zuwa huɗu, a tace. Kanumfari da kimba suna da ƙarfin hali, idan suka yi yawa ba a jin komai sai su, don haka a fara da kaɗan. Ɗanyar citta kuma lallai ta dahu sosai idan za a sa madara, domin wadda ba ta dahu ba tana iya tsinka ta. Na'a-na'a ba a dafa ta, tare da ganyen shayi ake jefa ta bayan an sauke.

Game da sukari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, kuma ta ce rabin haka ya fi. Mai zuba cokali huɗu a kofi, sau uku a rana, ya cinye kasonsa a shayi kaɗai. Rage rabin cokali duk mako ya fi sauƙi a kan yankewa gaba ɗaya, harshe kuma yana sabawa.

Shayin gawayi

Duk abin da na faɗa game da hana ganye dahuwa ya shafi baƙin shayi ne. Koren shayin da ake dafawa a ƙaramar buta a kan gawayi, wanda wasu ke kira ataya wasu kuma shayin Buzaye, wata al'ada ce dabam da ta ratso Sahara daga Maroko da Muritaniya ta zauna daram a Agadas da Damagaram da Maraɗi, inda kusan kowace fada ta samari ke da butarta, ta kuma shigo Kano da Katsina da Sakkwato. A ƙasar Sin da Japan ruwan da bai tafasa ba, mai zafin digiri 70 zuwa 80, ake zuba wa koren shayi na minti biyu kacal. A nan kuwa da gangan ake dafa shi, ana neman ɗacin, sannan a daidaita shi da sukari da iska da kumfa, a sha kaɗan a ƙaramin kofin gilashi. Ganyen daga Sin ake kawo shi, wani a nannaɗe kamar ƙananan harsasai, wani a murɗe siriri, kuma sau da yawa za a ga lamba kamar 3505 ko 41022 a jikin kwalin, wadda ke nuna nau'i da darajar ganyen.

A wurin wani dattijo mutumin Agadas da ke gadi a layinmu na ga yadda ake yinsa da kyau, kuma abin da ya fara jan hankalina shi ne bai taɓa ɗora buta a kan wuta mai harshe ba. Yakan hura gawayi a murhun waya, ya yi ta fifita da mafici har baƙin ya ƙare ya koma garwashi ja mai toka a sama, sannan ya gyara wa butar wurin zama a tsakiya. Wannan shi ne matakin farko, kuma wanda ya tsallake shi shayinsa zai yi ta bori yana zubewa ta hancin buta, ya kuma ɗauki warin gawayi.

Kofin gilashin da za a sha da shi shi ne ma'auni. Ga mutum huɗu, a auna ganye kusan cikin kofi ɗaya a zuba a buta. A zuba masa ɗan ruwan zafi, a jujjuya butar na ɗan lokaci, a zubar da wannan ruwan, domin yana tafiya da ƙura da wani ɓangare na ɗaci mai kaifi. Sai a zuba ruwa kofi biyar, ɗaya na abin da zai ƙone, a ɗora a kan garwashi a bar shi yana tafasa a hankali minti 10 zuwa 15, har ganyen ya warware ya cika butar. A sauke, a zuba sukari kamar rabin kofi zuwa kusan cikinsa gwargwadon son masu sha.

Ba a sa cokali a wannan shayi. Ana garwaya shi ne ta hanyar tsiyaya shi daga buta zuwa kofi, a mayar cikin buta, a sake, sau da yawa, ana ɗaga hannu sama a hankali har zaren shayin ya yi tsawon kamu ɗaya ko fiye. Wannan yana narkar da sukari, yana shigar da iska mai tausasa ɗacin, yana kuma tayar da kumfa. Daga nan a ɗauki kofi ɗaya na shayin a riƙa sheƙa shi tsakanin kofuna biyu har kowane kofi ya sami kumfarsa a ƙasa, a mayar da ruwan cikin buta a bar kumfar. A ɗauraye bayan kofunan saboda danƙon sukari, a mayar da buta kan wuta ta sake ɗaukar zafi, mai dafawa ya ɗanɗana kaɗan ya gyara abin da ya rage, sannan ya tsiyaya rabin kofi ga kowa, a fara miƙa wa babba da baƙo.

Ganyen nan ba a zubar da shi. A ƙara ruwa kofi biyar a mayar kan wuta domin zagaye na biyu, wanda a nan ne ake jefa na'a-na'a gab da saukewa, kuma da yawa daga mashaya sun fi son sa saboda ɗacin ya sauka ƙamshi ya fito. Na uku ya fi sauƙi da zaƙi, yana kuma buƙatar dahuwa mafi tsawo da ƙarancin sukari fiye da yadda ake zato, tun da babu sauran ɗacin da za a danne. Zagayen uku sukan ci awa ɗaya ko fiye, saboda haka ba shayin mai shirin fita aiki ba ne. Na farkon yana da ƙarfi ƙwarai, bai dace da wanda bai ci komai ba, ko mai gyambon ciki, ko yaro. Kuma ina roƙon masu dafa shi a lokacin sanyi kada su shigar da murhun gawayi cikin ɗaki su rufe ƙofa da taga, domin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuma kashe mutane cikin barci.

Lokacin sha da ajiya

A bar shayi ya ɗan huce kafin a kai baki. A shekarar 2016 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin maƙoshi, kuma ko ba don haka ba, harshen da ya ƙone ba ya jin ɗanɗano. Shayi yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga abinci irin su wake da ganyaye, don haka mai ciki da mai ƙarancin jini su ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakanin cin abinci da shan shayi. Wanda barci ke yi wa wuya ya tsayar da shayi mai ƙarfi daga la'asar.

Ganyen shayi yana shan warin duk abin da ke kusa da shi. Kada a ajiye shi kusa da daddawa, ko yaji, ko sabulu, ko turaren wuta, ko kananzir, kuma ko a kanti ne a lura da abin da aka jera kusa da kwalin kafin a saya. Da an buɗe kwali a juye shi cikin gwangwani ko kwalba mai murfi mai kamawa, a sa a wuri mai duhu nesa da murhu, musamman da damina lokacin da danshi ke sa shi ya yi fumfuna. A sayi abin da za a shanye cikin wata biyu ko uku. Buta da fulas kuwa a ɗauraye su da ruwan zafi da zarar an gama, a kife su a buɗe su bushe, idan kuma an sa sabulu a ɗauraye har sai an shinshina ba a ji ƙamshinsa ba.